Will Crooks, Ɗan Talakan da Ya Ƙi Barin Unguwarsu

A gabashin birnin Landan, bakin Kogin Thames, akwai wata unguwa da ake kira Poplar. A zamanin Sarauniya Biktoriya nan ne jiragen ruwa ke sauke dukiyar ƙasashen duniya, amma mazaunanta galibi lebura ne da 'yan dako, masu wayewar gari ba su san ko za a ɗauke su aiki ba. A wannan unguwa aka haifi mutumin da za mu ba da tarihinsa yau, watau Will Crooks, ran 6 ga Afrilu, 1852.

Ubansa mai zuba gawayi ne a injin jirgin ruwa. Yaron yana da shekara uku uban ya yi haɗari, ya rasa hannu guda, aiki ya gagara. Uwar ta dinga ɗinki dare da rana, duk da haka abin ya faskara. Will bai cika shekara goma ba aka kwashe shi da 'yan'uwansa zuwa gidan gajiyayyu na Poplar. Irin wannan gida kuwa da gangan aka tsananta zamansa, don kada kowa ya yi sha'awar shiga: a raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, abinci kuma ɗan kunu ne da burodi. Daga nan aka tura shi makarantar 'ya'yan matalauta a Sutton, kafin uwar ta sami halin tattaro 'ya'yanta.

Da ya kai shekara 14 aka sa shi koyon haɗa gangunan katako na zuba kaya. Ya ƙware a sana'ar, amma da yake ba ya ganin zalunci ya yi shiru, masu ba da aiki suka riƙa gudunsa, har ya ɗanɗana zaman kashe wando da leburancin kwata. Sa'an nan ya ɗauki wata al'ada: ko wace Lahadi da safe sai ya tsaya a ƙofar tashar jiragen East India, ya yi wa jama'a bayanin abin da ya dami unguwa cikin raha da ban dariya. Mutane suka laƙaba wa wannan taro suna Kwalejin Crooks. A 1889, da ma'aikatan kwata suka yi babban yajin aiki suna neman sisi a awa, yana cikin waɗanda suka yi ta yawo suna tara gudummawa, har aka ci nasara.

To, magana a bakin ƙofa ba ta gina hanya, saboda haka ya shiga neman kujera. A 1892 mutanen Poplar suka zaɓe shi wakilinsu a Majalisar Lardin Landan. A lokacin ba a biyan 'yan wannan majalisa ko anini, don haka da wuya talaka ya zauna cikinta. Sai ma'aikatan unguwar suka kafa asusu, kowa na jefa abin da ya sawwaƙa, ana ba shi abin cefane ko wane mako, domin ya ajiye sana'a ya fuskanci aikinsu.

Bai kuwa ba su kunya ba. Ya dage a kan duk ɗan kwangilar da zai yi wa majalisa aiki sai ya biya leburorinsa lada mai kyau. Ya tsaya kai da fata wajen haƙa hanyar Blackwall ta ƙarƙashin kogi, wadda aka buɗe a 1897, da hanyar masu ƙafa ta Greenwich a 1902, don ma'aikaci ya daina dogara ga jirgin fito, wanda hazo kan tsayar. Shi ne kuma ya buɗe lambun shan iska na Island Gardens a 1895, domin yaran lungu su sami wurin wasa.

Amma aikin da ya fi ratsa mu shi ne wanda ya yi a Kwamitin Kula da Matalauta na Poplar, mai riƙe da gidan gajiyayyu. Da can sai mai dukiya ke da ikon tsayawa wannan zaɓe. Da aka sassauta sharaɗin, Crooks ya tsaya ya ci, shi da abokinsa George Lansbury. Ba a jima ba ya zama shugaban kwamitin, watau yaron da aka taɓa shigarwa gidan nan yana kuka ya dawo shi ne mai faɗa a ji. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Aka kori ma'aikatan da ke cin abincin gajiyayyu, aka gyara girki, aka ba tsofaffi tufafi masu ɗumi, aka kyautata karatun yara. A 1901 ya zama Magajin Garin Poplar, shi ne ɗan jam'iyyar ma'aikata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a Landan. A 1903 mutanen Woolwich suka aika da shi Majalisar Dokoki ta Ingila.

Ba mu ce tafiyar ta yi sumul ba. Yawancin kuɗin ciyar da matalautan ko wace unguwa daga harajin gidajen unguwar yake fitowa, ga shi Poplar matalauta sun yi yawa, gidaje masu daraja kaɗan. Haraji ya yi ta hauhawa, 'yan kasuwa suka kai kuka, gwamnati ta sa aka yi bincike a 1906. Aka tarar wasu 'yan kwamitin sun saba karɓar ihsani daga 'yan kwangila. Ba a sami Crooks da cin ko kwabo ba, amma an zarge shi da sakin hannu, a shekarar kuwa ya sauka daga shugabanci. A ganinmu darasin nan biyu ne. Tsarkin hannun shugaba bai isa ba sai ya sa ido kan littafin kuɗi da abokan aikinsa. Har ila yau, ba adalci ba ne a bar unguwar talakawa ta ɗauki nauyin talaucinta ita kaɗai.

Duk da ɗaukakar da ya samu, har Sarkin Ingila ya sa shi cikin mashawartansa a 1916, bai ƙaura daga Poplar ba. Ɗan ƙaramin gidansa ya zama kamar zauren mai unguwa, tun da sassafe masu neman aiki da gwauraye da masu rigimar haya suna ƙofa. Ya rasu ran 5 ga Yuni, 1921, bai bar wata dukiya ba. Wata uku bayan haka aka ɗaure kansilolin Poplar 30, har da Lansbury, saboda sun ƙi tara wa hukumomin Landan haraji sai an raba nauyin matalauta. Suka yi mako shida a kurkuku, aka yi doka unguwannin masu arziki suka ƙara ɗaukar kaso.

Jama'a, da yawa daga cikinmu mukan raina kujerar unguwa, idonmu yana kan manyan majalisu. Alhali kuwa magudanar ruwa, da asibitin shan magani, da ajin da yaro zai zauna, duk a ƙaramar majalisa ake yanke su. Wanda ke son tsayawa, ya fara sanin ciwon lungunsu gida gida, ya koyi karanta kasafin kuɗi, in ya ci kuma ya bar ƙofarsa inda masu zaɓensa suka san ta. Mu masu zaɓe kuma mu tuna da asusun leburorin Poplar: su suka ciyar da wakilinsu, shi ya sa ya zama nasu. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin ƙan na ƙasa, amin.