Sahir Ludhianvi, mawaƙin da ya rubuta waƙar haƙura da masoyi, ya mutu bai yi aure ba

Masu kallon tsofaffin finafinan Indiya sun san Gumrah, wanda B.R. Chopra ya fitar a 1963. A cikinsa wata budurwa ta bar saurayinta ta auri mijin yayarta da ta rasu, saboda ƴaƴan da aka bari. Daga baya saurayin, wato Sunil Dutt, ya zauna gaban piyano yana rera mata waƙa, mijinta na wurin. Bai zage ta ba, bai roƙe ta ta dawo ba. Abin da ya nema kawai su koma tamkar ba su taɓa sanin juna ba, su rabu tun da sauran mutunci. Mahendra Kapoor ne ya rera, Ravi ya yi kiɗan, amma kalmomin na Sahir Ludhianvi ne.

Sunansa na yanka Abdul Hayee. An haife shi ranar 8 ga Maris 1921 a garin Ludhiana na yankin Punjab. Mahaifinsa attajiri ne mai gonaki da mata da yawa. Mahaifiyarsa, Sardar Begum, ta fita daga gidan, rigimar riƙon yaro ta kai kotu, shi kuwa ya zaɓi uwarsa da talaucinta. Daga nan ba su sake rabuwa ba sai da ta rasu a 1976.

A Lahore ya yi suna da kundin waƙoƙinsa na Urdu, Talkhiyan. Bayan raba Indiya da Pakistan rubuce-rubucensa masu ra'ayin gurguzu sun sa gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin kama shi, sai ya tsere zuwa Delhi a 1949, daga can ya wuce Bombay. Fim ɗin Baazi na 1951 ya buɗe masa ƙofa, Pyaasa na 1957 ya tabbatar da shi.

Ba mutum ne mai sauƙin hali ba. Ya ɓata da makaɗi S.D. Burman bayan Pyaasa, ya kuma dage sai gidan rediyon Indiya ya riƙa faɗin sunan marubucin waƙa tare da na mai rerawa. A wannan kam gaskiya na gefensa.

Soyayyarsa da aka fi sani ita ce da Amrita Pritam, marubuciyar harshen Punjabi. Ita mabiyar addinin Sikh ce kuma matar aure, shi Musulmi. A littafin tarihin rayuwarta ta ba da labarin yadda yakan zo ya zauna shiru yana shan taba, idan ya tafi ta tattara guntayen da ya bari ta kunna. Shekaru suka wuce a haka. Ta rabu da mijinta, amma Sahir bai taɓa ɗaukar matakin aure ba, har ta ƙarasa rayuwarta tare da mai zane Imroz. Shi ya sa da wuya a saurari waƙar Gumrah a ɗauke ta aikin kuɗi kawai. Sai dai dattakon da ke cikin waƙar ya fi sauƙi a baki, domin a zahiri Amrita ce ta sha jira.

Ya samu lambar Padma Shri a 1971, da kyautar Filmfare sau biyu, ta Taj Mahal da ta Kabhi Kabhie. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Bombay ranar 25 ga Oktoba 1980, yana da shekara 59. An binne shi a maƙabartar Musulmi ta Juhu, inda a 2010 aka rushe kabarinsa don samar wa wasu mamatan wuri.