Barbushe, Mai Asirin Tsumburbura

Barbushe ɗan Buzame ne, daga zuriyar Dala, mutumin da dutsen Kano ya ci sunansa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya siffanta shi da ƙaton baƙin mafarauci, mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Amma abin da ya ba shi shugabanci shi ne asirin Tsumburbura da ya gada.

Wurin bautar wata itaciya ce, Shamus, kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Sau biyu a shekara yakan sauko daga dutse, jama'a su taru da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. In ya fito daga wurin, sai ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Ga alama itaciyar masauki ce kawai, inda ake ganawa da Tsumburbura. Haka mabiya addinin Hindu suke ɗaukar gunkinsu, wato murti, sai an yi bikin saukar da abin bauta cikinsa kafin a bauta masa. Sai dai su kowa yakan je ya gani da idonsa, mutanen Dala kuwa Barbushe kaɗai ke gano musu.

An ce shi ya hango zuwan baƙon da zai mallaki ƙasar, wato Bagauda, wanda ya hau mulki wajen 999. Katangar ta daɗe bayansa, har Sarki Tsamiya (1307-1343) ya rushe ta.