Benny Goodman, Ɗan Tela da Ya Zama Sarkin Busan Kilarinet

Cikin kayan busa na Turawa akwai wata baƙar sarewa mai maɓallai na farin ƙarfe, wadda ake ce ma kilarinet. Wanda ya taɓa tsayawa kallon makaɗan soja ranar babban biki, mai yiwuwa ne ya gan ta ga hannun waɗansu daga cikinsu. Tsawonta kamar santimita 66 ne, kuma masu kyau daga cikinsu da wani baƙin icce mai nauyi ake sassaƙa su, wanda ke tsirowa cikin ƙasashen Tanzaniya da Mozambik. Ga bakinta ana ɗaura wani ɗan siririn harshe na gora, shi ke kaɗawa ya ba da murya in mai busa ya hura. Algaita harshe biyu gare ta, kilarinet kuwa guda ɗaya, kuma muryarta ta fi ta algaita taushi. Wani masassaƙi na birnin Nurambag na ƙasar Jamus, mai suna Johann Christoph Denner, shi ake danganta ma ƙago ta wajen shekara ta 1700.

Tun daga wancan zamani kilarinet ta kama hanya biyu. Ta farko ita ce ta manyan zaurukan kiɗa, inda orkes mai makaɗa da yawa ke zama, kowa da takardar kiɗa gabanshi, jama'a kuma na saurare shiru. Cikin shekara ta 1791, watanni kaɗan kafin ya rasu, Mozart ya tsara ma abokinshi Anton Stadler wani dogon kiɗa na kilarinet da orkes, wanda har yau ake busawa. Hanya ta biyu ita ce ta barikin soja da titi da gidan biki: Yahudawan gabashin Turai da Girkawa da Turkawa da ita suke raka amare, baƙar fata na birnin Niyu Orliyans na Amurka kuma suka sanya ta cikin kiɗansu na jaz. Masu bin hanya ta farko sun daɗe suna raina masu bin ta biyu. Mutumin da ya bi su duka biyu har duniya ta shaida, shi ne Benny Goodman.

ƘURUCIYA CIKIN TALAUCI

An haife shi ranar 30 ga watan Mayu na shekara ta 1909 cikin birnin Shikago na Amurka. Iyayenshi Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin sarkin Rasha, ubanshi David daga Warso, uwarshi Dora daga Kaunas. Ƴaƴa 12 suka haifa, Benny shi ne na 9. Uban tela ne, amma ɗinki bai isa ciyar da wannan taron iyali ba, har sai da ya shiga ƙwadago cikin babbar mayankar Shikago, yana kwasar kitse da felu.

Burin tsohon nan shi ne ƴaƴanshi su samu sana'ar da za ta fid da su daga irin wannan wahala. Cikin shekara ta 1919 ya kai uku daga cikinsu wani ɗakin ibada na Yahudawa inda ake koya ma yara kiɗa, ana kuma ba su aron kayan busa. Babban cikinsu aka ba shi ƙaton ƙaho, na tsakiya aka ba shi ƙaramin ƙaho, Benny kuwa da yake shi ne ƙarami, yana ɗan shekara 10, sai aka miƙa mashi kilarinet. Ba shi ya zaɓe ta ba, ƙanƙantar jikinshi ta zaɓa mashi.

Daga baya ya yi shekara biyu ga hannun wani dattijon malami, Franz Schoepp, wanda ya ƙware ga kiɗan orkes. Malamin nan ba ya tambayar launin almajiri, ga zamanin da irin wannan hali ke da wuyar samu cikin Amurka. Gidanshi Benny ya zauna busa tare da Buster Bailey, baƙar fata. Da dare kuma yana sauraren mabusan Niyu Orliyans da suka zo ci-rani Shikago, irin su Jimmie Noone da Johnny Dodds. Ta haka tun yana yaro ya sha daga rijiya biyu.

Bai cika shekara 15 ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa, ya fara kawo kuɗi gida. Yana ɗan shekara 16 ƙungiyar Ben Pollack ta ɗauke shi aiki. Amma cikin watan Disamba na shekara ta 1926 mota ta buge ubanshi bisa titi, ya rasu bai ga abin da ɗanshi zai zama ba. Wannan rashi ya zauna ma Benny ga zuciya har tsufanshi.

DAREN DA SUNA YA FITO

Bayan ya koma Niyu Yok ya yi shekaru yana busa cikin gidajen rediyo da na ɗaukar faifai. Cikin shekara ta 1934 ya kafa babbar ƙungiya tashi ta kanshi, ya kuma samu shiga wani shirin kiɗan rawa da gidan rediyon NBC ke watsawa kowane daren Asabar. Shirin na bukatar sabbin kiɗe-kiɗe kowane mako, sai ya riƙa saye daga hannun Fletcher Henderson, wani gwani baƙar fata wanda tashi ƙungiyar ta watse saboda rashin kuɗi.

Da shirin ya tsaya cikin shekara ta 1935, ƙungiyar ta kama hanyar yamma tana wasa gari gari. Tafiyar ba ta yi armashi ba, har a birnin Danba masu rawa suka yi ƙorafi, domin kiɗa mai sanyi suka saba da shi. Ranar 21 ga watan Agusta suka isa zauren rawa na Palomar cikin birnin Los Anjalis, gwiwarsu ta yi sanyi. Suka fara da kiɗa mai sanyi, jama'a ba su motsa ba. Da Benny ya ga ko ta yaya aikin na shirin kuɓucewa, sai ya fiddo takardun Henderson. Nan take samari da ƴan mata suka bar rawa suka kewaye dandamali suna sowa. Ashe shirin rediyon da mutanen Niyu Yok ke ji cikin tsakar dare, su mutanen Kalifoniya da wuri suke jin shi, don akwai bambancin awa uku tsakaninsu. Masu tarihi daga wannan dare suke ƙirga farkon zamanin kiɗan suwing, wato jaz na rawa da manyan ƙungiyoyi ke yi, kuma ba a jima ba jaridu suka naɗa Benny sarkin wannan kiɗa.

Sarautar nan ba kowa ya yarda da ita ba. Akwai masu cewa baƙar fata irin su Henderson da Duke Ellington da Count Basie su suka aza harsashin, wani ya zo ya sha yabo. Cikin shekara ta 1937 an yi gasa tsakanin ƙungiyarshi da ta Chick Webb cikin zauren Savoy na unguwar Halam, kuma waɗanda suka halarta Webb suka ba nasara.

BAƘI DA FARI BISA DANDAMALI ƊAYA

Ga wancan zamani dokokin jihohin kudancin Amurka sun raba baƙi da fari cikin makarantu da jiragen ƙasa da gidajen abinci. Ko cikin soja sai shekara ta 1948 aka ba da umurnin gama su wuri ɗaya. Makaɗa baƙi da farare sukan haɗu cikin ɗakin ɗaukar faifai inda babu mai ganin su, amma fitowa tare gaban jama'a abu ne da zai iya jawo ma shugaban ƙungiya asarar aiki.

Cikin shekara ta 1935 Benny ya ɗauki faifai tare da Teddy Wilson, baƙar fata mai kaɗa piyano, da Gene Krupa, farar fata mai ganguna. Shekara ta 1936 su uku suka fito gaban jama'a cikin otal ɗin Congress na Shikago. Cikin wannan shekara ya ƙara da Lionel Hampton, mai kaɗa wani abin kiɗa na ƙarfe mai kama da balafon, sa'an nan cikin 1939 ya ɗauki Charlie Christian mai gita. Bai yi wannan da sunan siyasa ba. Abin da ya sani shi ne yana son wanda ya fi iyawa, kuma bai yarda launin fata ya raba shi da gwani ba.

Ranar 16 ga watan Janairu na shekara ta 1938 ya kai ƙungiyarshi zauren Carnegie na Niyu Yok, wanda aka san shi da kiɗan orkes. Tun kafin ranar aka saye kujerun duka. Count Basie ya hau dandamali wannan dare tare da waɗansu mutanenshi da na Duke Ellington. An ɗauki wasan bisa faifai, amma aka aje aka manta, sai cikin shekara ta 1950 aka fiddo shi kasuwa, ya samu karɓuwa ƙwarai.

KOMAWA GABAN MALAMI

Da jaz ya shiga zauren manya, Benny ya so shi ma ya shiga kiɗan manya da kanshi. Cikin shekara ta 1938 ya ɗauki faifan wani kiɗa na Mozart tare da masu goge huɗu na ƙungiyar Budapest. Ya kuma sa kuɗinshi ya biya manyan masu tsara kiɗa su rubuta ma kilarinet sabbin ayyuka. Bela Bartok, mutumin Hangari, ya rubuta mashi guda cikin 1938, suka ɗauke shi tare cikin 1940. Aaron Copland na Amurka ya rubuta mashi wani na kilarinet da orkes, wanda ya fara busawa gidan rediyo ranar 6 ga watan Nuwamba na 1950.

Amma kunnenshi ya gaya mashi muryar da ta isa gidan rawa ba ta isa wannan aiki ba. Saboda haka cikin shekara ta 1949, yana da shekara 40, sunanshi ya gama duniya, dukiya kuma ta samu, ya tafi ya zauna gaban Reginald Kell, wani mabushi na Ingila, kamar sabon almajiri. Shekara 30 ya yi yana riƙe bakin kilarinet tsakanin haƙoranshi na sama da leɓen ƙasa. Kell ya koya mashi riƙewa da leɓɓa biyu, ya sake mashi yadda yake aza yatsu. Har kantar da ta fito ga yatsunshi sai da aka cire, ya koma kusan farkon karatu. Abin da yake iya rasawa ba ƙarami ba ne, don mabushin da ya taɓa bakinshi yana iya ɓata muryar da aka san shi da ita, sabuwar kuma ta ƙi zama. Duk da haka ya daure. Gemu ba ya hana ilimi.

Cikin shekara ta 1956 ya ɗauki faifan babban kiɗan nan na Mozart na 1791 tare da orkes na birnin Bostan, ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe Charles Munch. Ranar 10 ga watan Afrilu na 1963 kuma shi ya fara busa wani kiɗa na kilarinet da piyano da Bafaranshe Francis Poulenc ya bari, wanda ya rasu cikin watan Janairu na wannan shekara. Bai kuwa saki jaz ba. Cikin shekara ta 1962, lokacin da ake zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, ya kai ƙungiyarshi can ta yi mako shida, har shugaba Khrushchev ya halarci wasan farko cikin birnin Mosko.

HALINSHI DA ƘARSHENSHI

Waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinshi sun shaida gwani ne, sun kuma shaida zama da shi sai haƙuri. In makaɗi ya yi kuskure ba ya yi mashi faɗa, sai ya kafa mashi ido shiru har mutum ya rasa inda zai sa kanshi. An san shi da riƙon kuɗi, abin da waɗansu ke dangantawa da talaucin da ya taso ciki. Manyan yaranshi da yawa sun bar shi sun kafa nasu ƙungiyoyi, kamar Krupa cikin 1938. Amma matsin da yake yi ma mutane bai kai wanda yake yi ma kanshi ba, don har cikin tsufa bai bar tisa busa ba.

Ya yi aure cikin shekara ta 1942, ya samu ƴaƴa mata biyu, matarshi Alice kuma ta riga shi rasuwa cikin 1978. Shi kuwa ya yi wasanshi na ƙarshe kwanaki kaɗan kafin ajali. Ranar 13 ga watan Yuni na shekara ta 1986 ciwon zuciya ya ɗauke shi cikin gidanshi na Niyu Yok, yana da shekara 77.

Kiɗan suwing ya yi zamaninshi ya wuce bayan yaƙin duniya na biyu, kilarinet kuma ta ja baya cikin jaz, saksofon ya karɓe gaba. Amma ayyukan da ɗan telan Shikago ya sa aka rubuta suna nan cikin makarantun kiɗa na duniya, ɗalibai na koyon su tare da na Mozart.