Harold Hotelling: ɗan jaridar da ya koma masanin ƙididdiga

Jama'a, a wani taron bita a nan Abuja na fara jin sunan Harold Hotelling, ana maganar farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata. Hankalina sai ya koma kan 'yan'uwanmu na Mile 12 a Legas da Shasha a Ibadan.

An haifi Hotelling a 1895 a jihar Minnesota ta Amurka, ya tashi a Seattle. Aikin jarida ya fara karanta, ya gama a 1919, sannan ya juya ga lissafi har ya samu digirin dakta a jami'ar Princeton a 1924. Ya yi aiki a cibiyar binciken abinci ta jami'ar Stanford. A 1929 ya je Ingila ya yi watanni wajen Ronald Fisher, babban malamin ƙididdiga na zamanin. Ya koyar a Columbia daga 1931, ya koma North Carolina a 1946, can ya rasu a Disambar 1973. Ɗalibinsa Kenneth Arrow ya ci kyautar Nobel a 1972.

To, me ya bar mana? An saba auna alaƙar abu ɗaya da wani abu ɗaya. Shi kuwa a 1936 ya fito da hanyar auna alaƙar rukuni biyu. Ana haɗa abubuwan kowane rukuni su zama ma'auni guda, a ba kowanne nauyin da zai sa ma'aunan biyu su fi tafiya tare. Ya gwada ta da makin ɗalibai, karatu a gefe ɗaya, lissafi a ɗayan.

Ka ɗauko ta zuwa kasuwarmu. Gefe ɗaya kuɗin gas, kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya, da yawan damina a Arewa. Ɗaya gefen farashin tumatir, albasa da shanu a Kudu. In kaya sun yi tsada, Bahaushe ake nuna wa yatsa. Wannan hanya za ta iya nuna me ke tafiya da tsadar.

Amma fa sai da alƙaluma. Ina roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su sa a riƙa rubuta kuɗin kowace mota da farashin kowane kwando, kullum. Ranar da aka kira mu zama da hukuma, littafin nan za mu buɗe.