Lawrence Sperry: matashin da ya saki sitiyari ya bar jirgin sama ya tuƙa kansa

Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya a jirgin sama, ko zuwa aikin Hajji ko fatauci, ya kwashe sa'o'i a hannun wata na'ura ba tare da ya sani ba. Jim kaɗan bayan jirgi ya tashi, matuƙi kan murɗa maɓalli ya zaɓi tsayin da yake so jirgin ya kai, ya zaɓi saurin hawan, sannan ya bar wa na'urar sauran aikin. Faransawa na kiran ta pilote automatique, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta. Wanda ya fara nuna wa duniya cewa hakan mai yiwuwa ne wani Ba'amurke ne mai suna Lawrence Sperry, kuma a Faransa ya yi wannan bajintar yana da shekara 21.

An haifi Lawrence Burst Sperry a birnin Chicago a watan Disamba na 1892, ya girma a Brooklyn da ke New York. Mahaifinsa, Elmer Sperry, fitaccen mai ƙirƙira ne wanda ya kafa kamfanin Sperry Gyroscope a 1910. Sana'ar gidansu ta ginu ne a kan jairoskof, wani faifai mai nauyi da ke juyawa da matsanancin gudu. Kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, muddin yana juyawa ba ya yarda ya karkace. Uban ya yi amfani da wannan ɗabi'a wajen ƙera kamfas na jiragen ruwa. Ɗan kuwa sama ce ta ɗauke masa hankali. Tun yana saurayi shi da ƙanensa suka harhaɗa jirgi marar inji a cikin gidansu, har sai da suka cire taga kafin su iya fitar da shi.

A wancan zamani tuƙin jirgin sama aikin gumi ne. Iska kaɗan ta kaɗa jirgi sai ya karkata, matuƙi kuma ba shi da damar sakin sitiyari ko na ƙiftawar ido. Lawrence ya koyi tuƙi a makarantar Glenn Curtiss da ke Hammondsport, ya karɓi lasisi a 1913. A can ya duƙufa wajen rage girman na'urar mahaifinsa har ta shiga jirgi. Dabarar ita ce jairoskof ya tsaya daram a matsayin ma'auni. Da zarar jirgi ya karkata gefe, ko ya sunkuyar da hanci, na'urar za ta gane bambancin, ta ja wayoyin da ke motsa fukafukai da jela har jirgin ya daidaita.

Ranar 18 ga Yunin 1914 aka yi gwajin da ya fito da sunansa. Faransa ta shirya gasar hanyoyin kare lafiyar jiragen sama, jama'a suka yi dafifi a bakin kogin Seine, kusa da Bezons a wajen birnin Paris. Lawrence ya zo da jirgin Curtiss mai sauka a kan ruwa, tare da wani makanike Bafaranshe, Émile Cachin. Da suka iso gaban alƙalan gasar, sai ya kunna na'urar ya ɗaga hannuwansa biyu sama. A zagaye na gaba Cachin ya fita daga mazauninsa ya taka kan fiffike. Nauyin mutum a gefe guda ya isa ya kifar da irin wannan ƙaramin jirgi, amma na'urar ta gyara shi ya ci gaba da tafiya a miƙe. Lawrence ya lashe kyautar farko ta faran 50,000 na kuɗin Faransa na wancan lokaci.

Makonni kaɗan bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aikin ya juya zuwa na soja. Lawrence da mahaifinsa suka shiga aikin rundunar ruwan Amurka na ƙera jirgi marar matuƙi mai ɗauke da bam. A nan ne maganar zaɓen tsayi ta shigo: an haɗa jairoskof da ma'aunin nauyin iska, wanda ke raguwa yayin da ake hawa, domin jirgin ya daina hawa idan ya kai tsayin da aka saita masa tun a ƙasa. Ranar 6 ga Maris na 1918 ɗaya daga cikin jiragen ya tashi babu kowa a ciki, ya yi tafiyar kusan mita 900. Yaƙin ya ƙare ba a yi amfani da shi ba, amma ana lissafa shi cikin kakannin jirage marasa matuƙa na yau.

Lawrence ya kafa kamfaninsa na ƙera jirage a 1917, ya auri ƴar fim Winifred Allen a 1918. Ya yi aiki a kan na'urar da ke nuna wa matuƙi karkatar jirgi idan gajimare ya rufe masa gani, da kuma laimar tsira. Mutum ne mai son kasada. A 1922 ya sauke ƙaramin jirginsa samfurin Messenger a harabar majalisar dokokin Amurka a Washington. A irin wannan jirgin ya tashi daga Ingila cikin hazo ranar 13 ga Disamban 1923, bai kuwa isa inda ya nufa ba. An tsinci gawarsa a tekun Manche ranar 11 ga Janairun 1924. Ya mutu saura kwanaki ya cika shekara 31.

Aikin bai mutu tare da shi ba. A 1933 Wiley Post ya zagaye duniya shi kaɗai cikin kwana 7 da sa'a 18 da minti 49, da taimakon na'urar kamfanin Sperry. A 1947 wani jirgin sojan Amurka ya ƙetare tekun Atlantika, daga tashi har sauka, a hannun na'ura. Yau a jiragen Airbus da Boeing akwai allo a gaban matuƙa biyu inda ake saita tsayi da ƙafa, da saurin hawa ko sauka da ƙafa a kowane minti.

Sai dai na'urar abin da aka gaya mata take yi, ko da ba shi ake nufi ba. Ranar 20 ga Janairun 1992 jirgin Air Inter samfurin A320 ya faɗi a dutsen Sainte-Odile yana shirin sauka a Strasbourg, mutum 87 cikin 96 suka rasu. Daga cikin bayanan da masu bincike suka fi ba wa ƙarfi akwai cewa matuƙan sun so saita gangara ta digiri 3.3, amma na'urar tana kan tsarin saurin sauka, sai ta ɗauki lambar a matsayin ƙafa 3,300 a minti, kusan ninki huɗu na abin da ya dace. A ƙaramin allon, 33 da 3.3 sun yi kama da juna. Bayan haɗarin aka sauya allon, saurin sauka ya koma lambobi huɗu.

Shi ya sa a yau ake horar da matuƙa su faɗi tsayin da suka saita da babbar murya, abokin aiki ya duba ya tabbatar. Lawrence Sperry ya sauke wa matuƙi wahalar riƙe sitiyari, amma sa ido da tantance lamba suna nan a wuyan ɗan Adam.