Victor Hess: Masanin da ya gano tururin sararin samaniya

An haifi Victor Hess a Austriya a 1883. A zamaninsa, masana sun ɗauka daga ƙasa tururin radiyeshan da ke cikin iska yake fitowa.

Ranar 7 ga Agustan 1912, Hess ya shiga kwandon balan-balan da na'urorinsa, ya tashi har kimanin mita 5,300. Maimakon tururin ya ragu, sai ya ƙaru, alamar daga sararin samaniya yake saukowa.

Binciken ya samo masa kyautar Nobel a 1936. A 1938 'yan Nazi suka raba shi da aikinsa, ya tsere Amurka da matarsa Bayahudiya. Can ya mutu a 1964.

Tururin nan ne dokar Tarayyar Turai ta wajabta a riƙa lissafa yawan wanda ke shiga jikin ma'aikatan jirgin sama.