Paul Langerhans: Ɗalibin da ya ga masu gadin fata bai gane su ba

Yana ɗan shekara 21, bai ma kammala karatun likitanci ba, Paul Langerhans ya yanki ɗan ƙyallen fatar mutum a birnin Berlin, ya rina shi da wani sinadarin zinariya, ya ɗora a ƙarƙashin madubin likita. A cikin saman fatar ya hangi wasu ƙwayoyin halitta masu rassa kamar saiwar bishiya, waɗanda ba a taɓa bayyana su ba. Wannan a 1868 ke nan. Ganin rassan, sai ya ɗauka ɓangare ne na jijiyoyi.

Ya yi kuskure, amma kuskuren da ba a ga laifinsa ba, domin sai da aka shafe fiye da shekara ɗari kafin masana su gane aikinsu, a shekarun 1970. Ashe masu gadi ne. Busasshen saman fata, da ɗan tsamin da gumi da maiƙo ke bari a kanta, su ne katangar farko. Idan bakteriya ta samu kafa, ta ƙarzuwa ko yanka, waɗannan ƙwayoyi kan kama wani ɓangare nata, su bar fatar su nufi kaluluwa, su nuna wa fararen ƙwayoyin jini kamannin abokin gaba. Har yau da sunansa ake kiransu.

An haife shi ranar 25 ga Yuli, 1847. Mahaifinsa likita ne, malaminsa kuma shahararren masanin nan Rudolf Virchow. A 1869, cikin kundin digirinsa, ya bayyana wasu tarin ƙwayoyi a fankiriyas ɗin zomo, nan ma bai san amfaninsu ba. Su ne masu samar da insulin, wanda ƙarancinsa ke jawo ciwon suga.

Ya yi aikin likitan soja a yaƙin Jamus da Faransa na 1870, ya kuma koyar a Jami'ar Freiburg. A 1874 tarin fuka ya kama shi. Neman sauƙi ya kai shi tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, inda ya ci gaba da duba marasa lafiya, akasarinsu masu irin ciwonsa, yana kuma nazarin tsutsotsin teku.

Ya mutu a Funchal ranar 20 ga Yuli, 1888, saura kwana biyar ya cika shekara 41. Bayan shekara biyar, wani masani Bafaranshe, Édouard Laguesse, ya laƙaba wa tarin ƙwayoyin fankiriyas sunansa.